Allon Kabarin Musbahu

Ranar Laraba da hantsi wayar Sagir ta yi ƙara yana tsaye a bakin injin matse fata, hannuwansa cikin safar roba har gwiwar hannu. A kamfanin jimar da yake aiki a Challawa ba a ɗaga waya a bakin inji, amma da ya leƙa ya ga lambar Nijar ce, sai ya zare safar ya laɓe a bayan tarin fatu.

Malam Ahmadu ne, mahaifin abokinsa marigayi Musbahu, daga wani ƙauye a gefen Magarya. Tsohon yana ɗaga murya a waya yadda tsofaffin ƙauye ke yi, wai saboda nisa. Da aka gama gaisuwa, aka tambayi iyali da ruwa, sai ya ce jibi Juma'a yana nan tafe Kano in Allah ya yarda.

"Ka ce duk ranar da na zo za ka kai ni wurin abokinka."

"Ƙwarai kuwa, Baba. Har kansa zan kai ku."

"To madalla. Akwai saƙon uwarsa da nake ɗauke da shi."

Sagir bai faɗi haka don daɗin baki ba. In akwai abu ɗaya a duniyar nan da yake tinƙaho da shi a cikin ransa, to kabarin nan ne. Shi da Musbahu ɗaki ɗaya suka zauna a Panshekara tun suna samari, shi daga Ringim, wancan daga Nijar, kwanonsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya, da warin fata ɗaya da sabulu ya gaji ya ƙyale su. Da zazzaɓi ya kwantar da Musbahu, kamar wasa, kwana kaɗan ya ce ga garinku nan. Lokacin an rufe boda, gawar Musulmi kuwa ba ta jiran kowa. Ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, babu ɗan'uwansa ko ɗaya a wurin. Sagir ne ya shiga ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar gabas.

Bayan sadakar uku ya roƙi mai waldar kamfani ya yanko masa murfin tsohuwar ganga, aka yi masa ƙafa da guntun rodi. Da hannunsa ya rubuta sunan da farin fenti, rubutun da ya fara manya-manya ya ƙare a matse saboda wuri ya gaza: Musbahu Ahmadu Magarya. Ya kafa allon a wajen kai, ya buga wa tsohon waya ya ce ko shekara goma za a yi, wurin ba zai ɓace ba.

Tun daga nan duk ranar da ba shi da aiki sai ya leƙa. Da rani ba wani abu ba ne, ya share ganye, ya toshe ramin gafiya. Damina ce mai aiki. Ruwa ba ya raga wa kabari. Itacen da aka jera a kan ramin yakan ruɓe, ƙasa ta burma, in ba a cike da wuri ba sai a wayi gari a ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Sagir yakan zo da gajeriyar fartanya da tsohon bokitin fenti, ya cire tafasa da ƙarangiya, ya ɗebo ƙasa ya cike tsagar, ya daddanna da tafin hannu. Matarsa Mas'uda takan yi masa tsiya cewa da zai kula da rufin ɗakinsu rabin yadda yake kula da gidan abokinsa, da ta huta da jera robobi a kan gado duk lokacin da hadari ya taso.

Bana ce kawai aka samu tangarɗa. Bayan Babbar Sallah fatun layya suka yi ta shigowa mota-mota, fata kuma ba ta jira, in an bar ta ta lalace. Aka soke hutun Lahadi, aka ƙara awowi. Sagir ya shafe wajen wata biyu daga gida sai kamfani, ƙafarsa ba ta taka maƙabarta ba. Saboda haka ranar Larabar nan, ana tashi, ko wanka bai tsaya yi ba, ya ɗauki fartanya da bokiti ya nufi can. Ba ya son tsohon ya zo ya tarar da ɗansa a cikin ciyawa.

Yana shiga ƙofa ya yi wa mazauna wurin sallama kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak. Bai gane wurin ba. Ciyawar da takan kai ƙugu a wannan lokaci an kwashe ta tas. An zubo jar ƙasa sabuwa, an ɗaga kowane kabari an shafe shi sumul, duk tsayi ɗaya, launi ɗaya, kamar kunyoyin rogo. Allunan ma sun sake kama, duk an yi musu koren fenti, an sake rubuta sunayen da hannu mai kyau. Abin da ya fara zuwa bakinsa addu'a ce, Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan aiki. Ya bi ta gefen katangar yamma zuwa layinsu, yana karanta sunaye, har ya kai ƙarshe. Ya dawo ya sake bi a hankali. Babu allon Musbahu.

Malam Uba, dattijon da ke haƙa yana kuma gadin wurin, shi ya nuna masa inda yake. A jikin katanga, a ƙarƙashin darbejiya, an jingine wasu alluna, sun sha fenti suna ƙyalli. Na Musbahu yana cikinsu. An gyara masa rubutun ma, kowane harafi ya samu wurinsa.

Abin da ya faru ba shi da wuyar faɗa. Ƙungiyar matasan unguwa ce ta kira gayya, wani Alhaji ya ba da tifa-tifa na ƙasa, wani ya ba da fenti. Da aka zo cike kaburbura, allunan suna tare wa baro hanya, ga shi dama ana son a yi musu fenti. Sai wani mai kaifin tunani ya ce a tuge su duka a kai gindin bishiya, masu fenti su yi nasu, masu shebur su yi nasu, aiki ya yi sauri. Ya kuwa yi sauri. Sai da yamma, da fenti ya bushe aka zo mayarwa, aka tsaya ana kallon juna. Waɗanda ke da 'yan'uwa a wurin kowa ya ɗauki nasa ya kai inda ya sani. Suka rage na waɗanda ba wanda ya zo dominsu, kusan duk baƙi, 'yan ci-rani da ma'aikatan kamfani, wannan daga Gumel, wancan daga Tasawa. Mutanen kirki ne suka yi ɓarnar, kuma wannan ya fi ciwo, don babu wanda za ka zaga ka huce.

Duk da haka Sagir ya nemi wanda zai zaga. Nabil, shugaban ƙungiyar, yana bakin ƙofa yana ƙarasa fentin ƙyaure. Saurayi ne mai natsuwa, ɗan gidan malamai, ma'aikacin sakatariya, da ganin yadda yake riƙe da buroshi ka san ba sana'arsa ba ce.

"Wa ya ce ku taɓa min allo?" in ji Sagir. "Na zo na ce muku ya yi tsatsa? Na kawo muku ƙara?"

Nabil ya ajiye buroshin. "Wallahi Malam Sagir kuskure ne, kuma namu ne, ba zan kare ba. Amma Juma'a uku muna sanarwa a lasifikar masallaci, kowa ya zo ya tsaya a kan nasa."

"Lasifikarku tana kaiwa cikin kamfani ne? Inji ke kuka a kunnenmu."

"Haka ne. Ka yi haƙuri." Nabil ya goge hannunsa da tsumma. "Ni a ganina, ka duba inda zuciyarka ta fi kwanciya ka kafa. Addu'a ba ta ɓatan hanya, Allah ya san inda bawansa yake. Da ma can asali allon nan ba dole ba ne, wasu malaman ma ba sa so."

Gaskiya ya faɗa, Sagir ma ya sani, shi ya sa ya ƙara jin haushi. Ya juya wurin Malam Uba, ko shi da ya haƙa ramin zai tuna. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce shekarar nan ta zazzaɓi akwai ranar da ya haƙa biyar kafin azahar, in ya nuna wani ya ce shi ne, ya yi ƙarya, shi kuma ya kusa shiga wurin da kansa, ba ya son ya shiga da ƙarya.

Sagir ya ɗauki allon ya koma layin. Abin mamaki, wurin da ya durƙusa sau ba adadi, ashe bai taɓa kallonsa da kyau ba. Allon yake hangowa tun daga ƙofa ya nufe shi, ido ya samu mai yi masa aiki ya kwanta. Ya tuna akwai tumfafiya a wajen ƙafa, an tuge ta. Ya tuna wani fasasshen tulu da aka kifa a kan na kusa, an kwashe shi da shara. Abu ɗaya ya rage: a hannun dama, ba nisa, akwai allon wata Hajiya Atika, don yakan haɗa da ita a addu'a saboda maƙwabtaka. Ga allonta nan, ɗanta ya mayar. Daga shi kuwa sai kaburbura a jere babu alama, wasu an cire nasu, wasu da ma ba a taɓa sa musu ba. Musbahu na manne da ita ne, ko akwai ɗaya a tsakani, ko biyu? Ya tsaya a nan, ya tsuguna a can, ya rufe ido ya buɗe, har ya durƙusa yadda yakan durƙusa ko gwiwarsa za ta tuna abin da kansa ya manta. Iyakar abin da ya iya shi ne ya ce cikin ukun farko ne.

A gida Mas'uda ta ga ya shigo da allo a hammata, ta yi salati ta ce ya fitar mata da kayan maƙabarta daga ɗaki. Da ya ba ta labari sai jikinta ya yi sanyi. Ta zauna a bakin gado tana jijjiga 'yarsu.

"Abban Yusra, ni fa ban taɓa ganin kabarin mahaifiyata ba. Mu mata daga ƙofar gida muke rabuwa da namu. Kullum ina mata addu'a, kuma ban taɓa jin ta dawo min ba."

"Ke ba ki yi wa kowa alkawarin za ki nuna masa ba."

"To ka gaya masa gaskiya mana."

"In ce masa me? Tsoho ya taso tun daga Magarya, ya sha rana a boda, in ce masa ɗan da ya bar min na sa shi a wani wuri na manta?"

Ta dube shi, ta ga ba shawara yake nema ba, sai ta tashi ta zuba masa abinci. Ranar Alhamis ya yini a bakin inji yana juya maganar. Ya ce a ransa ɗaya cikin uku ba ƙaramin rabo ba ne. Ya ce tsohon ba zai sake zuwa Kano ba, me za a ƙara masa da baƙin ciki? Mutum in yana son ya yi abu, hujjoji ba sa yi masa wuyar samu. Ya roƙi hutun yini ɗaya a kamfani. Juma'a da sassafe, kafin ya tafi tasha taryar tsohon, ya biya ta maƙabarta ya kafa allon a kan na tsakiya, ya buga shi da dutse har ya zauna daram. Ya yayyafa ruwa a gindinsa don kada a ga sabon rami, kuma wannan yayyafin ne ya fi komai ba shi kunya.

Malam Ahmadu ɗan ƙaramin tsoho ne, busasshe, da rawani da ya sha wanki, idonsa ɗaya ya yi yana. Ya sauko daga mota da ƙullin gero, da cuku a nannaɗe cikin takarda, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an shimfiɗa musu ƙaiƙayi, ko ɗaya bai fashe ba. A cikin adaidaita sahu ya yi ta kallon dogayen katangun kamfanoni da manyan motocin da ke layi a bakin ƙofofinsu. Da iska ta kwaso musu warin jima ya tambaya ko a nan ne suke aiki. Sagir ya ce a nan ne. Tsohon ya gyaɗa kai, bai toshe hanci ba.

Bayan an sauko daga masallaci Mas'uda ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, ta durƙusa ta gaishe shi ta yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ci kaɗan, ya wanke hannu, sannan ya gyara zama ya ce gara Sagir ya san abin da ya kawo shi.

"Shekarar da abokinka zai taho nan, damina ta kama, ni kuma ƙafa ta hana ni noma. Uwarsa ta ce ya bari sai an yi girbi. Ya ce an yi masa alkawarin aiki, in bai zo ba wani zai samu. Suka yi ta ja. Ranar da ya ɗauki jakarsa tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce in ya sa ƙafa ya fita ba ta yafe ba. Ya fita."

Sagir bai taɓa jin wannan ba. Shekaru suna kwana ɗaki ɗaya, ya san nauyin barcin Musbahu, ya san ba ya cin yaji, amma bai san wannan ba.

"Ya yi ta aike tana karɓa. Ya je gida da Sallah ta dafa masa abin da yake so. Amma kalmar nan ba ta janye ta ba, shi kuma nauyi ya hana shi tambaya. Kowa yana ganin akwai gobe." Tsohon ya shafa gemunsa. "Na ce mata malamai sun ce yafiya daga inda kike ta isa, ba sai an hau mota ba. Ta ce ta yafe a cikin ɗakinta ya fi a ƙirga, ba ta ji abin ya sauka daga ƙirjinta ba. Ta ce waccan maganar a kunnensa ta faɗe ta, wannan ma a kunnensa take so a faɗa. Ita ga ta mace, ga ciwo ya kwantar da ita, ban san ko za ta ga kaka ba. Shi ne ta ce in zo in durƙusa daidai kansa. Ta ce kada in tsaya daga nesa."

Mas'uda, da ke bakin ƙofa tana kwashe kwanuka, ta ɗago ta dubi mijinta sau ɗaya ta fita. Sagir ya kau da kai.

Bayan la'asar suka tafi. An yi yayyafi da rana, ƙasa ta yi laushi, tana kama ƙafa. Tsohon ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya riƙe a hannu, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya biyo Sagir yana taka tsakanin kaburburan a hankali don kada ya hau kan wani. Malam Uba yana can nesa yana wasa diga, ya ɗaga musu hannu, da ya ga inda suka nufa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Suka tsaya a gaban allon. Malam Ahmadu bai iya karatun boko ba. Ya miƙa hannu ya bi farin rubutun da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Sunansa ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

Ya dubi tudun jar ƙasar, ba ciyawa ko ɗaya, ba tsaga. Idonsa mai gani ya kawo ruwa. "Kai, yaro, ka riƙe amana. Ko a gida aka binne shi ba zai samu haka ba. Allah ya ba ka masu yi maka."

Tsohon ya ajiye takalmansa, ya dafa ƙasa, ya sauka a kan gwiwoyinsa da ƙyar a wajen kai, ta kudu. Ya gyara rawaninsa, ya yi gyaran murya, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, kamar mai shirin yi wa wanda ke barci raɗa.

"Baba, ku dakata."

Maganar ta fito ne kafin ya shirya mata. Tsohon ya ɗago. Sagir ya tsuguna a gabansa ya faɗa masa duka, a gurguje, ba tare da ya dube shi ba: gayyar, fentin, allunan da ke jikin katanga, da yadda shi da kansa ya zo yau da safe ya kafa wannan a kan zato. Ya ce cikin ukun nan ne, amma wanne, Allah kaɗai ya sani. Ya ce laifinsa ne da bai zo ranar ba.

Malam Ahmadu ya mayar da idonsa kan kabarin. Ya daɗe a haka, hannunsa a kan ƙasar da yanzu bai san ta waye ce ba. Daga can Challawa aka ji jiniyar canjin aiki ta yi ta ƙare. Da ya buɗe baki, muryarsa ba faɗa a cikinta, kuma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Da ka yi shiru, da yanzu na gama. Da na koma na ce mata na faɗa, ta samu barci."

"Haka ne, Baba."

"To me ya sa ba ka yi shirun ba?"

"Za ta tambaye ku ko daidai kansa ne. Ku za ku ce mata e, da gaskiyarku. Ni kuma ina nan na sani."

Tsohon ya dube shi da idon nan guda, ya daɗe yana dubansa. Bai ce ya kyauta ba, bai ce ya yafe ba. Ya ce, "Cire ƙarfen nan." Sagir ya kama allon ya jijjiga, da safe ya buga shi da kyau, sai da ya sa ƙarfi ya fito. "Ɗaga ni. Kai ni na farkon."

Sagir ya kama shi ya miƙar, ya kai shi wanda ke manne da na Hajiya Atika, ya taimaka masa ya durƙusa. Tsohon ya sunkuya, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Musbahu ɗansa ne na fari, tun da aka raɗa masa suna bakin uban bai taɓa furta shi ba, daga "kai" sai "yaron nan". Da kabarin tabbas ne, da "kai" ɗin ta wadatar. Amma yanzu bai san wa ke kwance a nan ba, kuma saƙon mai shi ne da shi.

"Musbahu," in ji tsohon, sunan ya fito masa baƙo, a karye. "In kai ne a nan, ni ne. Uwarka ta aiko ni. Ta ce maganar da ta faɗa a bakin murhu ta janye ta. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira, ta yafe maka nonon da ka sha. Ta ce kai ma ka yafe mata."

Ya jira kaɗan, kamar yadda ake jira in an ba da saƙo, sannan ya miƙa wa Sagir hannu. A na biyu ya sake faɗa tun daga sunan har ƙarshe, bai rage kalma ba. A na uku ma haka. Sagir yana tsaye a bayansa, hawaye na zuba masa, bai damu ya share ba. Tausayin tsohon yake ji, da kewar abokinsa wadda ya daɗe bai ji irinta ba, da wani sauƙi kuma da yake jin kunyar jinsa.

Da aka gama na ukun ya ɗaga shi. Jar ƙasa ta ɓata gwiwoyin wandon tsohon. Ya tsaya yana mayar da numfashi, yana dafe da kafaɗar Sagir.

"Ka tabbata cikin ukun nan ne?"

Sagir ya buɗe baki zai ce e. Sai ya dubi allon Hajiya Atika, wanda duk lissafinsa a kansa ya rataya. Ɗanta ne ya mayar da shi, ranar da aka baje wurin nan duka, shi ma da ido ya mayar.

"Ban tabbata ba, Baba."

Malam Ahmadu ya juya ya bi layin da kallo. Kaburburan da ba su da alama sun miƙe a jere har gindin katanga, wasu kuma suna ta ɗaya gefen allon Hajiyar. Ya ɗaga kai ya duba rana, da saura kafin ta faɗi.

"To riƙe ni da kyau," ya ce. "Gwiwar hagun ce ba ta da ƙarfi."

Sagir ya kwantar da allon a ƙasa, ya sa hannu biyu ya kama shi, suka matsa zuwa na huɗu.